Fim ɗin da bos ya ci: me ya sa 'yan Koriya miliyan 13 suka sayi tikitin ɓacin rai?

A ƙarshen watan Nuwamba na 2023 wani irin hoto ya fara yawo a shafukan sada zumunta na Koriya ta Kudu. Mutum zai fito daga gidan sinima, ya ɗaga tsintsiyar hannunsa ya ɗauki hoton agogonsa, irin agogon zamanin nan mai auna bugun zuciya, ya saka a intanet. Adadin da ke kan agogon irin na wanda ya sha gudu ne, alhali kuwa minti 141 ya yi zaune a kujera cikin duhu, ko motsi bai yi ba. Wasu abin da suke nunawa shi ne ma'aunin damuwa na agogon, ya haura har ya koma ja. Abin ya zama kamar gasa, kowa na son nuna yadda zuciyarsa ta tafasa.

Fim ɗin da ya jawo wannan sunansa Seoul-ui Bom, wato lokacin da sanyin hunturu ya janye daga birnin Seoul itatuwa suka fara toho. A ƙasashen waje an san shi da 12.12: The Day. Kim Sung-su ne ya ba da umarni, an fara haska shi ranar 22 ga Nuwamba 2023. Cikin kwana 33 ya haura masu kallo miliyan 10, ya tsaya a sama da miliyan 13, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 51 da 'yan kai ba. Ga shi kuma ya fito a lokacin da sinimomin ƙasar ke kukan rashin ciniki: a 2019 an sayar da tikiti sama da miliyan 220, amma a 2023 miliyan 125 ne kawai, don tun daga annobar korona mutane suka saba da kallo a gida, tikitin ma ya yi tsada. Nuwamba kuma ba watan kasuwa ba ne a harkar fim a can.

Duk wanda ya taso yana kallon fim a gidan kallo na unguwa ya san ƙa'idar da yara ke faɗi: akta ba ya mutuwa, bos kuma komai daɗewa zai sha kashi. Saboda wannan alkawarin ne muke jure dukan da ake yi wa jarumi a tsakiyar fim, mun san ramuwa na nan tafe. Wannan fim ya karya alkawarin, kuma bai yi wa kowa ba-zata ba, don duk ɗan Koriya da ya shiga ya zauna ya riga ya san bos ne zai ci. Yana cikin littafin tarihin makaranta. To me ke sa zuciya ta yi ta dukan uku-uku a kan labarin da aka san ƙarshensa?

Sai an fara sanin daren da ake magana a kai. Ranar 26 ga Oktoba 1979, shugaban hukumar leƙen asirin ƙasar, Kim Jae-gyu, ya harbe Shugaba Park Chung-hee suna zaune a wajen cin abinci. Park ya shekara 18 yana riƙe da ƙasar tun juyin mulkinsa na 1961, saboda haka mutuwarsa ta sa mutane da yawa suka fara sa ran za a koma mulkin farar hula na gaske. Wannan sa ran shi ake kira tohon Seoul. Firaminista Choi Kyu-hah ya hau kujera, aka kafa dokar soja, babban hafsan sojan ƙasa Janar Jeong Seung-hwa ya zama mai aiwatar da ita. Binciken kisan kuwa aka damƙa shi a hannun wani manjo janar mai suna Chun Doo-hwan, shugaban rundunar tsaron cikin soja, wadda aikinta shi ne sa ido a kan sauran sojoji.

Chun yana da abin da sauran ba su da shi. Tun shekaru masu yawa shi da abokan karatunsa na makarantar horar da hafsoshi, irin su Roh Tae-woo, suka kafa wata ƙungiyar asiri a cikin soja mai suna Hanahoe, mafi yawan 'ya'yanta daga yankin kudu maso gabashin ƙasar. Ɗan ƙungiya umarnin babban yayansa na ƙungiya yake bi kafin na kwamandansa. Da Chun ya ga alamar Janar Jeong na shirin karya musu lago, sai ya riga shi. Da yammacin 12 ga Disamba ya aika mutanensa gidan Jeong a unguwar Hannam-dong suka kama shi da harbe-harbe, bisa zargin yana da hannu a kisan Park, ba tare da shugaban ƙasa ya sa hannu ba. Manyan hafsoshi uku da aka san za su iya tsayawa, ciki har da Janar Jang Tae-wan mai kula da tsaron babban birni, an riga an yaudare su zuwa wata liyafar cin abinci a wannan yammacin. Kafin gari ya waye, cikin kamar awa tara, ma'aikatar tsaro da hedkwatar sojan ƙasa duk sun faɗa hannun 'yan tawaye.

Fim ɗin ya sauya sunaye. Chun ya koma Chun Doo-gwang, Hwang Jung-min ne ya fito a matsayinsa da sanƙon da ake ɗaukar awanni ana haɗa masa kullum. Jang ya koma Lee Tae-shin, a hannun Jung Woo-sung. Amma ba wanda ya ruɗe a kan ko waye waye.

A ganina, sirrin tafasar zuciyar masu kallo yana cikin yadda aka tsara awannin nan tara. Littafin makaranta yana ba da labarin a layi biyu: an yi juyin mulki, Chun ya karɓi iko. Wanda ya karanta haka zai ɗauka abin kamar ambaliya ne, ya zo ya wuce, ba mai iya tare shi. Fim ɗin kuwa ya buɗe daren minti bayan minti, sai ka ga a lokuta da yawa kiris ya rage abin ya rushe. Shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu har tsawon dare. 'Yan tawayen da kansu sun tsorata, wasunsu na neman hanyar zamewa. Akwai lokacin da wata rundunar sojojin lema masu biyayya ga gwamnati ta kama hanyar Seoul, kuma da ta iso da labari ya sha bamban. Sai 'yan tawaye suka kira manyan hedkwata a waya suka ce a yi yarjejeniyar dattaku, kowa ya janye nasa. Manyan suka yarda suka mai da tasu rundunar bariki, 'yan tawaye kuwa suka ci gaba da turo nasu. Wannan ba ƙirƙirar marubucin fim ba ce, haka aka yi. Ministan tsaro, wanda sa hannunsa kowa ke jira, ya gudu ya ɓuya da ya ji harbi. Shi ma haka aka yi.

Harbi bai da yawa a fim ɗin in aka kwatanta da finafinan faɗa na Koriya da aka saba gani. Babban makamin daren wayar tarho ce. Wa zai riga wa kiran kwamandan bataliya, wa zai tuna masa cewa ajinsu ɗaya ko garinsu ɗaya, wa zai ce masa "ni ne yayanka, ka juya da motocinka". Kuma duk kiran da masu biyayya suka yi, rundunar Chun na saurare ta ƙarƙashin ƙasa, don layukan wayar soja a hannunta suke. Mai kallo yana ganin ɓangarorin biyu a lokaci guda, yana ganin tarkon da jarumin ba ya gani, ba shi kuma da bakin gargaɗi. Kowane kira sai ya sa maka rai, ko da ka san ƙarshe, sannan a tsinke ran. In aka yi maka haka sau goma a jere, dole agogo ya nuna.

Shi ya sa in ka bi abin da masu kallo suka yi ta faɗa, za ka ga fushinsu bai tsaya a kan Chun kaɗai ba. Da yawa sun fi jin haushin janarorin da ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na hedkwata, taurari a kafaɗa, kowa na jiran wani ya ɗauki alhaki. Mugu an san shi da mugunta. Wanda ke ci wa mutum rai shi ne mai gadin da aka ba sanda ya jingine ta ya ce a bari a ga abin da hali zai yi. Kuma irin wannan mutumin kowa ya taɓa haɗuwa da shi a ofis ko a ma'aikata, ba sai an je 1979 ba.

Su wa suka cika kujerun? Masana'antar ta zaci fim ne na dattawan da suka ga zamanin. Sai alƙaluman kamfanin sinima na CGV suka nuna fiye da rabin masu sayen tikiti a makonnin farko 'yan shekara 20 zuwa 39 ne, waɗanda ba a ma haife su ba lokacin da abin ya faru. Su ne suka ƙirƙiro gasar agogon. Su ne kuma suka fito daga sinima suka shiga YouTube suna neman ainihin mutanen, suna haɗa fuskar ɗan wasa da ta janar na gaske, suna tono tsohon wasan talabijin na 2005 da ya ba da labarin mulkin Chun da sunayen gaskiya, suna sauraron muryar Jang Tae-wan a kaset ɗin kiraye-kirayen wannan dare, wanda rundunar Chun da kanta ta naɗa, aka fitar da shi fili a 1995. Darakta Kim Sung-su kuwa nasa tabon na ƙuruciya ne. Ya faɗa a hirarraki cewa yana ɗan ajin ƙarshe na sakandare, gidansu a Hannam-dong, ya ji harbe-harben daren da kunnensa, ya kuma daɗe bai san abin da ya ji ba.

Akwai ɓangaren raha a martanin, ko da yake raha ce mai ɗaci a ƙasa. A Koriya 'yan wasa kan zaga sinimomi su gaisa da masu kallo bayan an gama haska fim. Hwang Jung-min da sauran waɗanda suka fito a matsayin 'yan tawaye sai suka riƙa fara gaisuwar da neman gafara, suna sunkuyar da kai, jama'a na dariya. Wasu masu kallo kuma suka koma neman wani fim na 2021, Hostage, inda aka sace Hwang aka ɗaure shi aka azabtar da shi, suna cewa su dai su ga wannan fuskar tana shan wuya ko sa huce. An kasa samun jaki, an koma dukan taiki.

Kuma da gaske an kasa samun jakin, wannan shi ne tushen da fushin ya tsiro a kai. Bayan daren, Chun ya faɗaɗa dokar soja ranar 17 ga Mayu 1980, washegari mutanen birnin Gwangju suka tashi, sojoji suka murƙushe su cikin kwana goma da kisan fararen hula da har yau ake jayayya kan adadinsu. A watan Satumba ya zama shugaban ƙasa, ya sauka a 1988 ya miƙa wa abokinsa Roh Tae-woo. Sai a 1993 Shugaba Kim Young-sam ya wargaza Hanahoe. A 1995 masu gabatar da ƙara suka fara cewa ba za a iya hukunta juyin mulkin da ya yi nasara ba, maganar da ta harzuƙa ƙasar har aka yi doka ta musamman. A 1996 kotu ta yanke wa Chun hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗaurin rai da rai, sannan a Disamba 1997 aka yi masa afuwa shi da Roh, da amincewar zaɓaɓɓen shugaba Kim Dae-jung, mutumin da gwamnatin Chun ta taɓa yanke wa hukuncin kisa. Da aka matsa masa ya biya tarar won (kuɗin ƙasar) biliyan 220 da aka ci shi, ya taɓa ce wa kotu won dubu 290 ke cikin asusunsa. Ya mutu a gidansa yana da shekara 90, ranar 23 ga Nuwamba 2021, bai nemi gafarar mutanen Gwangju ba. Fim ɗin ya fito ana gobe cikarsa shekara biyu da mutuwa.

Waɗanda suka tsaya kuwa? An tuɓe Janar Jeong daga janar mai taurari huɗu zuwa kurtu. An kori Jang daga soja, mahaifinsa ya rasu ba da daɗewa ba, aka tsinci gawar ɗansa ɗalibin jami'a a 1982. Fim ɗin bai nuna duk wannan ba. Ya rufe ne da hoton da 'yan tawayen suka ɗauka tare bayan nasara, yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya yana rubuta muƙaman da kowa ya samu daga baya: minista, ɗan majalisa, babban hafsa, shugaban ƙasa. Mutane da yawa sun ce nan ne suka kasa tashi daga kujera.

Akwai wata magana da Chun na fim yake faɗa wa abokansa da suka fara karaya, wadda masu kallo suka yi ta maimaitawa: in an faɗi sunansa cin amanar ƙasa, in an ci sunansa juyin juya hali. Mu nan ba ma bukatar a fassara mana wannan. Laftanar Kanar Dimka, wanda yunƙurinsa na 13 ga Fabrairu 1976 ya ci ran Janar Murtala amma bai kai ga mulki ba, a gaban masu harbi ya ƙare. Waɗanda nasu ya yi nasara, kafinsa da bayansa, Barikin Dodan suka shiga ana sara musu. Duk wanda ya taɓa farkawa da asuba ya ji rediyo na buga kiɗan soja zai gane abin da ke damun 'yan Koriyar nan.

Ba kowa ne ya yi maraba da fim ɗin ba. Da wasu makarantu suka fara shirya kai ɗalibai kallo a ƙungiyance, wasu ƙungiyoyin masu ra'ayin riƙau suka ce farfaganda ce ta 'yan hagu, ana cusa wa yara ra'ayi ana kuma saura 'yan watanni a yi zaɓen majalisa na Afrilu 2024. Sun yi zanga-zanga a ƙofar wata makaranta a Seoul, sun kai ƙarar wani shugaban makaranta, masu gabatar da ƙara suka yi watsi da ita. Wasu makarantun dai sun soke tafiyar don gudun fitina.

Ni ban ga hujja a zargin farfagandar ba, tunda kotun ƙolin ƙasar da kanta ta tabbatar a 1997 cewa abin da aka yi a daren tawayen soja ne. Amma akwai wani sukan da na ɗauka da muhimmanci. Lee Tae-shin na fim ya fi Jang Tae-wan na gaske tsafta da kaɗaici. Wurin da ya tsaya shi kaɗai a kan gada ya tare jerin motocin yaƙi, da wurin da ya riƙa tsallake shingayen waya ɗaya bayan ɗaya a dandalin Gwanghwamun don ya fuskanci Chun ido da ido, duk ƙirƙira ce. Jang na gaske ya tara 'yan sojojin da suka rage masa, amma bai kai ga wannan fito-na-fito ba, an kama shi ne a hedkwatarsa, kuma na ƙasa da shi ne suka kama shi. Matashin da fim ne farkon saninsa da labarin zai iya riƙe hoton gadar a matsayin tarihi har abada. Sannan ga Hwang Jung-min, wanda ya iya wasa har ya sa mugun ya zama shi ne mai jini a jika a fim ɗin, mai saurin yanke shawara, mai iya jan mutane, yayin da na kirki ke ta jan ƙafa. An samu masu kallo da suka fito suna yaba iya shugabancinsa. Wannan haɗari ne na gaske, kuma ba na jin darakta ya kauce masa gaba ɗaya. Gasar agogon ma, ko da yake daga masu kallo ta taso, ta zama tallar da babu kuɗin da zai saye ta. Wanda ya ga abokansa goma sun saka nasu, shi ma zai so ya je ya gwada zuciyarsa.

Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ce fim ne da ya yi kasuwa ya kuma kwashi kyaututtuka. Ranar 29 ga Nuwamba 2024 aka ba shi kambun fim mafi kyau a bikin Blue Dragon, Hwang ya karɓi na jarumi. Kwana huɗu bayan haka, da misalin ƙarfe goma da rabi na daren 3 ga Disamba, Shugaba Yoon Suk Yeol ya fito a talabijin ya kafa dokar soja, karo na farko tun wadda aka kafa a 1979. Jirage masu saukar ungulu suka sauke sojoji a harabar majalisa. Cikin waɗanda aka tura akwai rundunar sojojin lema ta ɗaya, wadda ita ce ta kame ma'aikatar tsaro a daren Chun, akwai kuma sojojin rundunar tsaron babban birni, wato rundunar da Jang ya taɓa jagoranta. Ministan tsaro da shugaban rundunar da ta gaji ta Chun duk tsofaffin ɗaliban sakandare ɗaya ne da shugaban ƙasa, nan take jaridu suka fara kwatanta su da Hanahoe.

A daren, sunan fim ɗin ya cika shafukan sada zumunta. Mutane suka fito cikin sanyi suka nufi majalisa, wasu suka tsaya a gaban motocin soja. Kakakin majalisa Woo Won-shik ya haura katanga ya shiga, ma'aikata suka tare ƙofofi da kujeru da tebura. Da misalin ƙarfe ɗaya na dare 'yan majalisa 190 suka kaɗa ƙuri'ar soke dokar, babu ko ɗaya da ya ƙi. Kafin asuba an janye ta. An tsige Yoon ranar 14 ga Disamba, kotun tsarin mulki ta tabbatar ranar 4 ga Afrilu 2025, kuma a hukuncinta ta ambaci turjiyar jama'a da yadda sojoji da 'yan sanda suka riƙa sanyin jiki wajen aiwatar da umarni a matsayin abin da ya ba majalisa damar yin aikinta. A kwanakin da suka biyo baya fim ɗin ya koma sahun farko a manhajojin kallo na ƙasar.

Ba zan ce fim ne ya hana juyin mulki ba. Mutanen da suka haura katangar nan da yawansu sun sha hayaƙi mai sa hawaye a zanga-zangar 1987 da ta tilasta wa Chun amincewa da zaɓen kai tsaye, ba sinima ce ta koya musu ba. Amma ƙananan sojojin da aka tura a daren sa'o'in waɗanda suka yi gasar agogo ne, kuma shekara ɗaya kacal kafin nan ƙasar gaba ɗaya ta zauna ta kalli yadda irin wannan dare yake tafiya: cewa awannin farko su ne komai, cewa ƙaramin hafsa da ya ɗaga waya yana da zaɓi, cewa wanda ya ce a jira gari ya waye ya riga ya miƙa wuya.

Akwai mutum biyu da suka mutu a daren 1979 waɗanda fim ɗin ya ba 'yan mintuna kaɗan, amma masu kallo suka riƙe su. Ɗaya Manjo Kim Oh-rang ne, wanda ya tsaya da ƙaramar bindiga a ofishin kwamandansa na dakarun musamman lokacin da kowa ya watse, sojojin rundunarsu suka harbe shi. Ranar 12 ga Disamba 2023, taron tunawa da shi da ake yi a garinsu Gimhae ya samu jama'a fiye da yadda aka saba. Ɗayan wani matashin soja ne, Jeong Seon-yeop, mai gadin ƙofar ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ma'aikatar tsaro, saura 'yan watanni ya gama bautar ƙasa ya koma karatu. Ya ƙi miƙa bindigarsa, suka kashe shi a wurin. A Fabrairu 2024, shekara 44 bayan mutuwarsa, Jami'ar Chosun da ke Gwangju ta kira 'yan'uwansa ta miƙa musu takardar digirin girmamawa da sunansa.